Kulle ne ko riƙon layi?

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya Dutse, wadda aka kafa a 2011, in ya kai ga darasin sabar imel zai gamu da abin da ake kira kulle fayil. Sunan yana da ɗan ruɗi, kuma ruɗin ba ƙarami ba ne.

Ga matsalar da aka so magancewa. A tsohon tsarin Unix, duk wasiƙun mutum a fayil guda ake tara su, ɗaya na bin ɗaya. Idan saƙonni 2 suka iso lokaci guda, kowanne ya shiga rubuta kansa, sai su cakuɗe, a rasa kan wannan a rasa gindin wancan. Ga kuma tantance tarkacen saƙonni, waɗanda ake kira Spam. Manhajar SpamAssassin mai yin wannan aiki, wadda ta bayyana a 2001, tana da nauyi. In aka bari kwafinta da yawa suka tashi tare, ƙaramar saba sai ta durƙushe. Saboda haka ake sa procmail, mai rarraba wasiƙu tun 1990, ya riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya.

To, ina kwaɗon yake? Babu shi. Shirin da ya fara zuwa yana ƙirƙirar wani ɗan fayil ne kawai, na bayansa ya gani ya dakata. procmail kan jira daƙiƙa 8 ya sake leƙawa. Tamkar butar da aka ajiye a bakin banɗaki ce: mai tarbiyya zai gani ya tsaya, amma ba ta tare ƙofa. Duk shirin da ba a koya masa dubawa ba, kutsawa zai yi ya ɓata fayil. Ko umarnin flock, wanda ya zo da Unix na Jami'ar Berkeley a 1983, haka yake: yana aiki ne tsakanin shirye-shiryen da suka yarda su mutunta shi.

Mu da wuta ke ɗauke mana ba sallama, wannan ya fi shafar mu. In saba ta mutu ana cikin aiki, ɗan fayil ɗin yana nan zaune, mai shi ya tafi, wasiƙu su yi ta jira. Shi ya sa procmail ke share shi da kansa in ya wuce daƙiƙa 1024.

Wanda aka ce masa kulle zai saki jiki, ya ɗauka fayil ya tsira. Wanda aka ce masa riƙon layi kuwa zai tambaya nan take: shin kowane shiri na bin layin? Malamanmu na Dutse da Kazaure, in za ku fassara wa ɗalibai, don Allah ku ce riƙon layi.