Tarihin Sauye-sauyen Harshen Ingilishi

Ingilishi ya samo asali ne daga yarukan ƙabilun Angal da Sakson da Jut, waɗanda suka tsallaka teku daga arewacin Jamus da Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Masana na kiran harshen wancan zamani Tsohon Ingilishi. In aka miƙa wa Baturen yau rubutunsa, sai dai ya yi ta kallo, don sai an koya masa shi kamar baƙon yare.

Daga ƙarshen ƙarni na 8 mahara daga ƙasashen Sikandinabiya suka fara kawo farmaki, daga baya suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, aka yi ta auratayya. Daga bakinsu aka samu *sky* da *egg*, har da *they*, wato "su". Kowane harshe yana aron sunan kaya, amma aron wakilin suna ba kasafai ake ganinsa ba, sai cuɗanya ta kai har ɗaki.

A 1066 Wiliyam na Nomandi, a ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a kusan shekara 300. Tabon yana nan: saniya da tunkiya suna da sunayen gado, *cow* da *sheep*, amma namansu, *beef* da *mutton*, daga Faransanci ya zo. Ana yawan cewa talaka mai kiwo ne ya riƙe na farko, basarake mai ci ya kawo na biyu. A 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Ingilishi, kuma abin dariya, da Faransanci aka rubuta dokar.

Abin da ya fi ba ɗalibai wahala ya biyo baya. Wiliyam Caxton ya kafa injin buga littafi a Westminster a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya. A daidai lokacin, tsakanin 1400 da 1700, furucin dogayen wasula yana ta sauyawa. Kalmar *time*, wadda marubuci Chaucer ke jan wasalinta da "ii", ta koma "taim". Haka *k* ta *knife* da *knee*: mutanen da can suna furta ta, baki ya yar da ita, takarda ta riƙe. Yaron da malami ya tsawata wa kan rubuta *knife* ba *k* yana da gaskiyarsa, kunnensa ya bi.

Ma'ana ma ba ta zauna ba. *Nice* daga kalmar Latin mai nufin "marar sani" ta fito, kuma wajen 1300 "wawa" take nufi, kafin ta rikiɗe ta zama yabo. *Silly* akasin hanyar ta bi, daga "mai albarka" zuwa "sakarai". Da can *meat* kowane abinci ne, *girl* kuma yaro ne, namiji ko mace. *Thou*, da ake faɗa wa mutum ɗaya, ta ɓace daga maganar yau da kullum, *you* ta jam'i da girmamawa ta haɗiye ta.

An sha yunƙurin ɗaure harshen. Marubuci Jonathan Swift ya nemi a kafa majalisar kula da shi a 1712, irin ta Faransa da aka kafa a 1635, ba a yi ba. Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, ya kuma amsa a gabatarwarsa cewa ƙamus ba ya iya hana harshe motsi. A Amurka, ƙamusun Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafa *color* da *center*, wanda ya raba rubutun Amurka da na Birtaniya har yau.

Ƙamusun Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, bin sawun kowace kalma yake yi daga farkon bayyanarta a rubuce. A watan Janairu na 2020 ya shigar da kalmomi 29 daga Ingilishin Najeriya, cikinsu akwai *okada* da *danfo* da *Kannywood*.