Akwatuna Biyu a Falon Babanmu

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, da aka zo fitar da kayan falonsa a Damagaram, ba abin da ya jawo gardama kamar wasu akwatunan katako guda biyu da ke tsaye a kusurwoyin ɗakin tun kafin a haife ni. Lasifika ne irin na da, kowanne ya kai ƙugun babban mutum, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da daɗi. Yayana ya ce a miƙa wa masu kiɗan biki su ba da abin da ya sawwaƙa. Ƙanwata ta ce sun cinye wuri, ga shi sun daina magana sai gurnani. Ni kuwa na ce a sa mini su a cikin rabona. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai da kake aiki a gidan rediyo, inda ake da kaya na zamani, me za ka yi da tsohon katako?" A ranar ban da amsa. Sai da na bi diddigin irin waɗannan akwatuna na gane abin da nake karewa.

Lasifikar da muka sani ta samo asali ne a 1925, lokacin da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarinsu. Abu uku ne kacal: mazurarin takarda, da naɗin siririyar waya a gindinsa, da maganaɗisu. Wuta ta bi ta wayar, wayar ta motsa takarda gaba da baya, takarda ta tura iska, kunne ya ji. Wayar da ke hannunka yanzu, mai karatu, da wannan dabarar take magana.

To me ya kawo ƙaton akwati? Idan takardar ta tura iska ta gaba, ta baya janyo ta take yi. In ba shamaki a tsakani, iskar gaba ta zagaya baya, sai kaurin sauti ya ɓace, a bar ka da ƙara siririya. Akwati shi ne shamakin. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya san cewa muryar tambari ba ta fitowa daga kuntigi. Sauti mai kauri yana son fata mai faɗi da ciki mai zurfi. Ga shi amfilifayar wancan zamani mai kwalaben wuta ce, ƙarfinta kaɗan ne, dole akwatin ya taimaka mata. Saboda haka girman ba burga ba ne, larura ce.

Kowane gwani da yadda ya ɓullo wa lamarin. A 1946, a wani ƙaramin gari mai suna Hope a jihar Arkansas, Paul Klipsch ya fara ƙera Klipschorn. Ka ɗauka an lanƙwasa kakaki an cusa shi cikin akwati, aka jingina akwatin a kusurwar ɗaki, bangon nan biyu suka zama bakin kakakin. Har yau ana ƙera shi. A Ingila, kamfanin Tannoy ya fito a 1947 da lasifikar da aka dasa ƙaramar mai siririn sauti a tsakiyar babbar mai kauri, don murya ta fito daga wuri guda, kuma ɗakunan ɗaukar waƙa da yawa suka rungume ta. Shi kuwa Gilbert Briggs, wanda ya kafa Wharfedale a 1932, rairayi ya riƙa ɗurawa tsakanin allunan wasu akwatunansa don kada katakon ya yi rawa ya sa baki cikin waƙa. Da na ji wannan sai da na yi dariya. Abin da muke sharewa daga tsakar gida safe da yamma, shi wani ya mayar sirrin sana'a.

A 1954 Edgar Villchur ya juya lissafin. Ya rufe akwatin ruf, ya bar iskar da ke ciki ta riƙa mayar da takarda mazauninta. Shi da Henry Kloss suka fitar da AR-1, akwati madaidaici mai kaurin murya irin na manya, amma mai cin ƙarfin amfilifaya. Daga nan masu sana'ar suka san cewa abu uku ba sa haɗuwa: ƙaramin akwati, da sauti mai kauri, da ƙarancin cin wuta. Biyu za ka zaɓa, ka haƙura da na uku. Da faifan sitiriyo ya shiga kasuwa a 1958, kowane gida ya buƙaci lasifika biyu maimakon ɗaya, ƙananan suka samu kasuwa. Duk da haka manyan ba su kau ba, domin sun riga sun zama kayan ɗaki.

Wannan shi ne abin da 'yan baya ba su cika lura da shi ba. An ƙera su ne don a gani kamar yadda aka ƙera su don a ji. Ana lulluɓe su da fallen katako mai tsada, a goge shi da mai, a rufe fuskar da yadi mai kauri. Paragon na kamfanin JBL, wanda ya fito a 1957, faɗinsa ya kusa mita uku, gabansa a lanƙwashe, in ba a faɗa maka ba ka ce kabad ne na gidan sarauta. A 1970 kamfanin ya fitar da L100 mai fuskar soso da aka yanka gida-gida, har da mai launin lemo. A shekarun 1970 ne kuma Japanawa suka mamaye kasuwa: Pioneer, Sansui, Kenwood, Technics, Akai. Sansui ya yi suna da fuskar katako mai saƙar raga, aikin da ya samo asali daga sassaƙar gidajen Japan. Pioneer ya ɗauko Bart Locanthi, tsohon injiniyan JBL, ya tsara masa HPM-100 a 1976.

Waɗannan na Japan su ne suka fi isowa gare mu, kuma sun zo daidai lokacin da kuɗi ya shigo hannu. A Nijeriya ga kuɗin man fetur, ga ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970. A Nijar an fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, ma'aikata suka ɗan sarara. Alhazai ma kan dawo daga Jidda da kwalaye. Gidan da a da ake alfahari da rediyogiram ɗin Grundig, sai ga shi da amfilifaya mai fuskar azurfa da akwatuna biyu. Namu daga Kano Baba ya sayo su, suka biyo ta Daura da Matamaye a bayan babbar mota, an naɗe su da bargo. Tambarin kamfanin ya ɓalle tun ina rarrafe, sunan Japan kawai ya rage a baya. Inna ta saƙa musu kyalle ta shimfiɗa a kai, ta ɗora hoton aurensu a kan na dama. Yaro bai isa ya taɓa ba.

Afirka ma tana da hannu a cikin akwatin kansa. Maganaɗisun manyan lasifikan da, wanda ake kira alniko, da ƙarfen kobal ake haɗa shi, kuma kaso mai yawa na kobal ɗin duniya daga Zayar yake fitowa. Da yaƙi ya ci garin Kolwezi a 1978, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, kamfanoni irin su JBL da Tannoy suka koma wani maganaɗisu mai araha. Har gobe masu tara tsofaffin lasifika suna tambaya: na kafin canjin ne ko na bayansa?

Game da sauti, gara in faɗi gaskiya. Ba duka ne suke fitar da waƙa yadda aka ɗauke ta ba. Da yawa an ƙara musu kauri da kaifi don su burge mai saye a kanti, kuma lasifikan da muke aiki da su yau a situdiyo sun fi su daidaito. Amma suna da abin da ƙarami ba zai taɓa samu ba, wato rashin wahala. Takarda mai faɗin santimita 30 ba ta buƙatar yunƙuri kafin ta cika ɗaki. Ko an rage murya ƙasa-ƙasa, kalangun Shata a ƙirji kake jin su, kuntigin Ɗan Maraya kuma ya tsaya shi kaɗai tsakanin akwatunan biyu kamar mutum na zaune a wurin. Idan aka kama Muryar Sahel da dare, mai karanta labarai yakan fito da ƙirjinsa da numfashinsa. Ina jin a nan na fara sha'awar aikin da nake yi.

Abin da ya kawar da su ba ɓoyayye ba ne. Sony ya fitar da Walkman a 1979, waƙa ta bar falo ta koma kunnen mutum ɗaya. A wajenmu kuma rediyo mai kaset da batir ya fi dacewa da garin da wuta ke zuwa ta tafi, ga shi ana ɗaukarsa zuwa gona da majalisa. Sai wayar hannu ta zo ta gama da sauran. Yau a wurin aiki mukan matse murya, mu yanke kaurinta, domin mun san yawancin masu saurare ta ƙaramin rediyo ko waya suke jin mu. Na yi shekaru ina aika wa mutane rabin muryata.

Akwatunan Baba dai na kai su wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Dole. Ya cire yadin fuskar, ya taɓa zoben soson da ke riƙe da bakin takarda, sai ya marmashe kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Ɗana, ciwon ke nan. Zafi da shekaru ne. Da kun ci gaba da kunna su a haka, da wayar ciki ta goge ta ƙone." Ya sa sabon zobe, ya canza wasu 'yan kwandansa biyu, kuɗin bai kai na ƙaramar waya ba. Duk mai irinsu a gida, kada ya yi saurin zubarwa, kuma kada ya ba masu biki, ba don fili aka yi su ba.

Da na dawo da su, na gayyaci Yaya cin tuwon dare. A cikin kwalin kasusuwan Baba na tsinci wanda ya aiko wa Inna daga Makka shekarar da ya sauke farali, yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Mun sha jin sa a ƙaramin rediyo. Amma a daren nan, da ya yi gyaran murya kafin sallama, sai da ƙanwata ta waiga ƙofa. Muka yi tsit har ya iso kan sunan Yaya, yana cewa a ja masa kunne ya riƙe karatu. Yaya ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya ce, "Ɗan mayar da shi baya kaɗan."