Wa Ya Raba Mai Mota da Sifanarsa?

Da wuya mutum ya sayi sabuwar motar gudu a Amurka, Corvette ce ko Porsche, bai faɗa cikin wata tsohuwar gardama ba: ya shiga ƙarƙashinta ya yi juyen baƙin mai da kansa, ko ya kai wa dila? Masu cewa ya kai da garanti suke tsoratar da shi, wai ranar da ya taɓa notin zubar da mai, ranar kamfani zai zare hannunsa. Dokar da ta kamata ta kashe wannan magana ta cika shekara 50 a Janairun 2025, ga shi har yau ba a daina ba.

Farkon labarin ba ya buƙatar dogon zance. Da kitsen dabbobi da man tsirrai ake shafa wa injuna, har zuwa 1866 da John Ellis ya fara sayar da man da ya tace daga ɗanyen mai, wanda daga baya ya zama Valvoline. A Ingila, Charles Wakefield ya fito da Castrol a 1909, yana gauraya shi da man zurma. A 1911 ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta sa wa mai lambobi gwargwadon kaurinsa. Ford Model T ta 1908 ba ta da filta, ba ta da sandar auna mai. Ƙananan famfo biyu gare ta a ƙasa: in ka buɗe na sama ya ɗiga, mai ya isa, in na ƙasa ya bushe, maza ka ƙara. A wancan zamani mai mota shi ne bakaniken motarsa, tsohon man kuma a kan hanya ake kwarara shi don ya kwantar da ƙura. Filtar Purolator ta zo a 1923. A shekarun 1950 aka samu filtar da ake murɗawa da hannu, da mai irin 10W-30 da ke aiki a sanyi da zafi, aikin ya koma na rabin awa ranar Asabar.

Daga nan ne ƙa'idar mil 3,000, wato kusan kilomita 4,800, ta kafu a zukata. A lokacin tana da hujja, domin man na saurin lalacewa, kafireta kuma na barin fetur ya zurara cikinsa. Amma da Jim Hindman ya karɓi kamfanin juyen mai na Jiffy Lube a 1979 ya baza rassanta a faɗin ƙasar, sai ƙa'idar ta zama jari. A yi maka juye cikin 'yan mintuna, a manna maka 'yar takarda a gilashi mai tuna maka ranar dawowa. Alhali tun 1974 Mobil 1 ya shigo kasuwa da man da aka haɗa a masana'anta mai jure zafi, a 1988 kuma General Motors ta fara sa na'urar da ke lissafa ƙarfin da ya rage wa mai daga yanayin tuƙi. Sai da ta kai jihar Kalifoniya ta yi gangami a 2008 tana roƙon mutane su daina ɓarnar mai a kan mil 3,000.

Ita dokar da aka ambata da farko, sunanta Magnuson-Moss, daga sunan Sanata Warren Magnuson da ɗan majalisa John Moss. Shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu ranar 4 ga Janairu, 1975. Ta hana kamfani ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa, sai fa idan kyauta yake bayarwa. Hukumar kare masu saye ta FTC ta fayyace cewa kafin a ƙi gyara, sai an nuna aikin da mutum ya yi ne ya jawo lalacewar. A 2018 hukumar ta aika wa kamfanoni shida wasiƙar gargaɗi kan irin wannan sharaɗi, har da Hyundai. Turai ma ta yi nata gyaran a 2002, ko da yake garejoji masu zaman kansu ta fi karewa, ba mutumin da ke kwance a ƙofar gidansa da sifana ba.

To in doka ta ba shi dama, me ya kore shi daga ƙarƙashin motar?

Amsar da aka fi ji ita ce wai motocin sun yi wuya. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Motar gudu a manne take da ƙasa, jak na gama-gari ba ya shiga, an rufe cikinta da faifai masu tarin kusoshi. Wasunsu a tanki na daban suke ajiye mai don kada famfo ya sha iska a kwana, saboda haka wurin zubarwa ya fi ɗaya. Tun tsakiyar shekarun 2000 BMW ta fara cire sandar awo daga injunanta, sai dai ka tambayi allo. Masu wannan ra'ayi na son kawo misalin Bugatti Veyron mai notin zubar da mai har 16. Amma mutum nawa ne ke da Veyron, wadda 450 kacal aka ƙera? Porsche 911 ta fito kasuwa da tankin nan tun 1964, ana auna manta injin na aiki kuma da zafinsa, duk da haka masu ita sun shafe shekaru suna juye da kansu. Mazda MX-5 da Corvette har gobe suna da sandarsu. Zubar da tsoho, canja filta, ɗura sabo: aikin bai sauya ba.

Wasu kuma suka ce dokokin muhalli ne. Gaskiya ne an daina ganin tsohon mai a matsayin abin wasa bayan garin Times Beach na jihar Mizuri, inda aka fesa shi a tituna yana ɗauke da gubar dayoksin, har gwamnati ta saye garin a 1983 aka kwashe mutanensa. Sai dai shagunan kayan mota irin su AutoZone suna karɓar tsohon mai kyauta. Wannan ba dalilin ajiye sifana ba ne.

Ni a ganina takarda ce ta yi wannan aiki. Motar gudu ta daina zama abin hawa kawai, ta zama kadara da ake saye da tunanin ranar sayarwa. Tun da aka kafa Carfax, kamfanin rahoton tarihin mota, a 1984, mai saye ya koyi karanta tarihin mota kafin ya buɗe bonet, juyen da dila ya yi yana fitowa a rahoton, wanda ka yi a gida kuwa babu mai shaidarsa sai kai. Kamfanonin Jamus suka maye gurbin littafin sabis mai hatimi da rumbun kwamfuta, wanda gareji ke cikawa, ba mai mota ba. Ferrari ta zo a 2011 ta ce sabis na shekara 7 kyauta ne ga sabuwar mota. Wa zai ɓata rigarsa a kan abin da aka riga aka sa masa a cikin kuɗin saye? Motocin BMW M kuwa suna da sabis na musamman a mil 1,200 na farko, tsallake shi neman rigima ne. Mota marar tarihin sabis kamar fili ce marar takarda, komai kyanta sai an karya mata farashi. Ga kuma haya ta shekara uku da ta zama ruwan dare a manyan motoci: wanda zai mayar da mota ba ya damuwa da abin da ke cikin injinta bayan mil 100,000.

Shi ya sa gardamar ba ta mutuwa. Ɓangare ɗaya lafiyar injin yake magana a kai, ɗayan kuma darajar mota a kasuwa, kowa na zaton ɗan'uwansa bai gane ba. Kuma kada a ɗauka hannun kamfani ba ya kuskure. A Afrilun 2025 General Motors ta kira kusan motoci 600,000 masu injin V8 na lita 6.2 a Amurka don a duba injunansu, waɗanda aka ga lafiyarsu ƙalau aka sauya musu mai daga 0W-20 zuwa 0W-40 mai kauri. Wanda ke juye da kansa dole ya riƙa bibiyar irin wannan sanarwa, don abin da ke rubuce a murfin mai ma yana iya tsufa.

Hukuncina shi ne, sabis na farko da duk wanda aka ce kyauta ne, a bar wa dila. Bayan nan mai mota ya ɗauki sifanarsa in yana da wurin ɗaga ta lafiya, ya sayi man da littafin motar ya ambata, ya ɗaure noti daidai awon da aka rubuta, ya adana rasit tare da kwanan wata da adadin mil. Mai karatu a Kano ko Maradi da irin wannan mota za ta iso masa ta Kwatano ko Legas, garantin Amurka ba zai biyo ta ba, don haka ya nemi tarihin sabis ɗinta kafin ya biya kuɗi.