Kuɗin fansar da Haiti ta biya

A watan Yulin 1825 jiragen yaƙin Faransa suka tsaya a gaɓar Port-au-Prince ɗauke da umarnin Sarki Charles na Goma: Faransa za ta amince da 'yancin Haiti idan ƙasar ta biya faran miliyan 150. Diyya ce ga Turawan da suka rasa gonakin rake da na kofi, da bayin da ke noma musu. Ke nan mutanen da suka ƙwaci kansu da jininsu, suka kafa ƙasa a 1804, su aka ce su biya iyayen gijinsu na da. Shugaba Jean-Pierre Boyer ya ga bakin igwa na kallon birninsa, ya amince.

Baitulmali ba ta da ko kason farko na faran miliyan 30, sai da aka ranto daga bankunan Faransa, bashi ya hau kan bashi. A 1838 aka rage diyyar zuwa miliyan 90, amma nauyin bai sauka daga kan talaka ba. Ƙananan manoman kofi na kan duwatsu su suka riƙa biya ta harajin da aka ɗora wa amfaninsu, ana kuma sare manyan itatuwa ana lodin katako zuwa Turai. Shekara da shekaru, kuɗin da zai gina makaranta ko asibiti ko magudanar ruwa yana haye teku. A ganina, duk mai son fahimtar talaucin Haiti daga nan ya kamata ya fara.

Daga baya Amurka ta shigo. A Disambar 1914 sojojin ruwanta suka kwashe zinariya ta dala 500,000 daga bankin ƙasar zuwa New York, suka mamaye Haiti daga 1915 har 1934. Sai a 1947 aka gama biyan basussukan da suka samo asali daga waccan diyya.

A wannan hali guguwar teku ke tarar da ƙasar. A 2004 ruwan guguwar Jeanne ya gangaro daga tsaunukan da suka zama ƙwal babu itace, ya binne birnin Gonaïves da laka, mutane wajen 3,000 suka rasu. A 2008 guguwa huɗu suka biyo juna cikin 'yan makonni. Alhali hayaƙi mai ɗumama yanayi da Haiti ke fitarwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na ƙasashen da suka ci kuɗinta.

A 2003 Shugaba Aristide na Haiti ya nemi Faransa ta maido da sama da dala biliyan 21, ta ƙi, kuma a Fabrairun 2004 aka raba shi da mulki. A 2009 aka yafe wa Haiti bashin dala biliyan 1.2 a ƙarƙashin shirin Bankin Duniya da IMF. A Afrilun 2025, da umarnin Sarki Charles ya cika shekara 200, Shugaba Macron na Faransa ya amsa cewa an zalunci Haiti, ya sanar da kafa kwamitin masana tarihi na ƙasashen biyu. Bai yi alkawarin maido da kuɗin ba.