Kama Iskar Kabon a Masana'antar Siminti: Abin da Brevik ta Tabbatar da Abin da Ta Bari

A fannin wutar lantarki, masu fafutukar rage ɗumamar duniya sun san inda suka dosa: a ajiye kwal, a koma ga hasken rana da ƙarfin iska. Siminti bai karɓi wannan magani ba. Masana'antarsa ce ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan'adam ke saki a sararin sama, kuma mafi yawan wannan iska a jikin dutsen da ake sarrafawa take. Ana gasa dutsen farar ƙasa a tanderun da zafinsa ke kai digiri 1,450 don a samu kilinka, wadda ita ce ƙashin bayan siminti. Tun zafin yana wajen digiri 900 dutsen ke sakin iskar kabon da ke ƙunshe a cikinsa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da masana'antar ke fitarwa daga nan yake, ragowar kuma daga man da ake ƙonawa. Ko da an hura tanderun da wutar da ba ta hayaƙi, wancan kaso yana nan daram.

Wannan ce hujjar masu cewa a kama iskar tun a bakin bututun hayaƙi a binne ta, kuma hujja ce mai ƙarfi. A watan Yunin 2025 kamfanin Heidelberg Materials ya ƙaddamar da na'urar kama iskar a masana'antarsa ta Brevik da ke kudancin Norwe, wadda ita ce ta farko mai wannan girma a harkar siminti. Ana bi da hayaƙin ta cikin ruwan sinadarin amin da ke riƙe iskar kabon, sai a ɗumama ruwan ya sake ta ita kaɗai, a matse ta har ta zama ruwa. Jiragen ruwan shirin Northern Lights, na haɗin gwiwar Equinor da Shell da TotalEnergies, su kai ta tasha kusa da birnin Bergen, daga can bututu ya tura ta cikin duwatsu masu zurfin mita 2,600 a ƙarƙashin Tekun Arewa. An tsara na'urar ta kama tan 400,000 a shekara, wato kimanin rabin abin da masana'antar ke fitarwa.

Brevik ta kawo ƙarshen gardamar ko abin zai yiwu. Amma duk wanda ya duba yadda aka yi ya yiwu zai ga sharuɗɗan da ba kowace ƙasa ke da su ba. Gwamnatin Norwe ce ta ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin aikin. Ƙasar ta ɗora haraji kan iskar kabon tun 1991, kuma tun 1996 ake binne ta a filin gas na Sleipner, saboda haka injiniyoyinta sun san duwatsun ƙarƙashin tekunsu sarai. Ga shi kuma masana'antar a bakin ruwa take, jirgi na iya tsayawa a ƙofarta. Da duk wannan gata, rabi kawai ake kamawa.

Manyan masana'antunmu kuwa, irin su Obajana a Kogi, Ashaka a Gombe, Kalambaina a Sakkwato da Malbaza a Nijar, an gina su ne inda dutsen yake, nesa da teku. Tsoffin rijiyoyin mai na yankin Neja Delta za su iya zama ma'ajiya, sai dai shimfiɗa bututu daga Sakkwato zuwa can aiki ne na sama da kilomita dubu. Kuɗin kuma a ƙarshe kan buhun siminti zai hau, ga mutanen da tuni tsadarsa ta sa suka bar gininsu a linta.

A ganina, matakin da ya kamata ya riga kama iskar shi ne rage kilinkar kanta. Masu bincike a Suwizalan da Kyuba da Indiya sun samar da siminti mai suna LC3, wanda ake maye kusan rabin kilinkarsa da gasasshen yumɓu da garin dutsen farar ƙasa. Yumɓu ba ya buƙatar zafin da ya wuce digiri 800 ko makamancin haka, kuma ba ya sakin iskar kabon yadda dutse ke yi, don haka ana iya rage hayaƙin da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Gana, wadda ta daɗe tana sayo kilinka daga waje, ta riga ta gina babbar masana'antar gasa yumɓu a Tema.

Masu goyon bayan kama iskar za su ce yumɓu ba ya kai mu ga sifili, kuma gaskiyarsu ce: muddin ana gasa dutse, akwai ragowar da sai an binne. Shi ya sa bai dace a yi watsi da fasahar ba. Abin da ya dace shi ne jami'o'inmu da hukumomin binciken ƙasa su fara tantance duwatsun kwarin Binuwai da na Sakkwato da na Tafkin Chadi tun yanzu, don a san inda zai iya riƙe iskar, hukumomin kula da ingancin kaya kuma su buɗe wa simintin yumɓu ƙofa. Ranar da za a kafa na'ura irin ta Brevik a Afirka, ƙasashen da suka fi cika sararin sama da hayaƙi su ya kamata su ɗauki mafi yawan kuɗinta.