Wanke Kayan Tiyatar Ido da Sinadarin Asiton

Asiton wani ruwa ne mai kaifin wari da saurin bushewa, irin wanda mata ke goge janfarce da shi. A shekarun baya likitocin ido a wasu ƙasashe sukan tsoma almakashi da hantsaki da sauran ƙananan kayan tiyata a cikinsa tsakanin majinyaci da majinyaci, saboda yana da araha, ba ya dakushe kaifi, kuma ba ya buƙatar wutar lantarki. A yau ba a ɗaukarsa a matsayin hanyar tsarkake kayan tiyata.

Dalili kuwa shi ne asiton yana narkar da maiƙo ya bar ƙarfe yana ƙyalli, amma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Akwai ƙwayoyin da kan shige cikin wani ɓawo mai tauri su kwanta, ruwan bai yi musu komai. Ga shi yana kamawa da wuta nan take, yana kuma lalata kayan roba.

Abin da aka amince da shi shi ne a wanke kayan tas, a ɗauraye, sannan a sa su a tukunyar tururi mai matsi: zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na aƙalla minti 3. Tanda mai busasshen zafi tana buƙatar awa 2 a digiri 160. Wasu kayan kuma, kamar allura da wuƙar yanka, sau ɗaya ake amfani da su a jefar.

Ido ba kamar fata ba ne. Cikinsa ba shi da ƙarfin yaƙar cuta, don haka ƙwayoyi kaɗan suka shiga lokacin cire yana, ido kan iya ruruwa ya mutu cikin kwanaki. Haɗarin ya fi yawa inda ake yi wa mutane da dama aiki a rana ɗaya da kaya 'yan kaɗan, kamar wasu tarukan aikin ido kyauta. Ba rashin kunya ba ne ɗan majinyaci ya tambaya yadda ake tsarkake kayan kafin a shiga da mahaifinsa. Likitan kirki zai amsa ba tare da ɓacin rai ba.

Bayan aiki, ɗan ƙaiƙayi da hawaye ba abin damuwa ba ne. Amma idan ciwo yana ƙaruwa, gani yana raguwa bayan ya fara gyaruwa, fatar ido ta kumbura, ko mugunya na fita, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati, kada kuma a ɗiga maganin gargajiya. Mazauna Kawo, Mando, Unguwar Rimi da kewaye suna kusa da Cibiyar Lafiyar Ido ta Ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1979, da kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. A tafi da katin aiki da duk magungunan da ake ɗigawa.