Lokacin da ɗalibai ke zuwa ƙauye neman darasi

Jiya a ofis wani yaro mai bautar ƙasa ya tambaye ni ko me ake nufi da "shigar da al'umma" a takardar da muke shiryawa. Digirinsa mai kyau ne, amma bai taɓa zama gaban mai unguwa ba. Ban ga laifinsa ba, don ni ma haddar darasin zama ɗan ƙasa nagari na yi, na zuba a jarrabawa, na manta.

Sai na tuna masa da wani tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. A tsakiyar shekarun 1970, malaman wasan kwaikwayo irin su Michael Etherton da Brian Crow suka fara fitar da ɗalibai daga aji zuwa Samaru da ƙauyukan kewaye. Lokacin gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Operation Feed the Nation a 1976, rediyo na ta cewa a koma gona. A 1977 ɗalibai suka yi Wasan Manoma a yankin Soba, daga baya aka je Maska da Bomo.

Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da suka yi wa kansu. Da farko ɗalibi zai je ya yi tambayoyi, ya koma makaranta ya haɗa wasa, ya dawo ya nuna wa manoma matsalarsu, kamar su ba su san ta ba. Sannu a hankali aka gane wannan wa'azi ne kawai. Sai aka juya: manomi ya shiga fili da kansa, ya nuna yadda taki ke ɓacewa kafin ya iso hannunsa, jama'a su tsayar da wasan su yi gardama. Aikin ɗalibi ya koma saurare, kuma ta nan ake gane ya koyi wani abu.

Jama'a, mu da ke riƙe da fayil yau mun rasa wannan horon. Na taɓa sa hannu a aikin rijiyar burtsatse da aka haƙa inda matan garin ba sa zuwa, don babu wanda ya tambaye su. Har yau abin na cina.

Yaron dai na ce ranar Alhamis ya biyo ni ƙauye, ya bar kwamfutarsa a ofis.